Kawu Sidi da Zazzaɓin Motarsa

Ku da kuka san Kawu Sidi a Djougou kun san bai taɓa fita da buta ɗaya ba. Biyu yake riƙewa, ɗaya ta alwala, ɗaya ta motarsa, ƙatuwar jif ɗin nan da ya saya a hannun wani Bature mai haɗa kayan komawa gida bayan an samu 'yancin kai. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ni ke tuƙa shi, don haka ni na ji jiki.

Radiyaton motar, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji, yoyo yake kamar kwando. Na ce, "Kawu, a canja shi mana."

"A canja? Kai in ka yi zazzaɓi canja ka ake yi?"

Maganinsa a zuba garin barkono a radiyato, wai yana toshe huda. Ran nan mun ɗauko Liman za mu ɗaurin aure Parakou, ruwa ya tafasa, tururi ya cika mota. Wayyo! Liman ya dinga atishawa har rawani ya warware. Kawu ko a jikinsa. "Yarhamukallah, Malam. Ka ga murar nan taka ta samu magani."

Wata rana kuma igiyar fanka ta tsinke mana a daji. Kawu ya dubi inji, ya dube ni.

"Zare mazagin wandonka."

"Haba Kawu! Da me zan riƙe wando?"

"A tsaye kake tuƙi?"

Wallahi mazagin ya kai mu har unguwar Zongo a Parakou. Fitowa daga mota ce dai ta gagare ni.

Abin da ya karya taurin kansa ciwon matarsa ne, Inna Ladi. Mun ɗauko ta zuwa asibitin Parakou, rana tsaka motar ta tafasa ta mutu murus. Barkono bai yi ba, buta ba ta yi ba. Kawu ya cire hularsa yana yi wa Inna fifita, har Allah ya kawo wata babbar motar goro ta ɗauke su. Inna ta warke.

Da aka jawo jif ɗin gareji a Zongon Parakou, ya ce wa makanike, "Cire duka! Radiyato, famfon ruwa, tiyo, sa sabbi."

Makanike ya zaro ido, ya tambaya da Faransanci ko da gaske ne. "C'est vrai, Alhaji?"

"Vrai ne, kafin in canja ra'ayi."

Amma da zai jefar da tsohon radiyaton, Kawu ya daka tsawa. Ya rungumo abinsa har Djougou, ya sa aka kafa shi a tagar zaurensa.

"Ya sha zafi a hidimata," in ji shi, "bari ya sha iska."

Kai, Kawu ke nan! Mun yi dariya, amma bai taɓa wuce mai tafiya a ƙasa bai ɗauke shi ba. Allah ya jiƙansa, ya yalwata kabarinsa, ya sada mu da shi a gidan rahama. Amin.