Daɓen da Goggo Saude Ta Share

A duk faɗin Rogo da Karaye, in ka ce kana neman Sulle magini sai a tambaye ka wanne. Amma in ka ce Sulle Sawun Kaji, nan take za a nuna maka hanyar Jajaye, ana murmushi. Mai sunan kuwa ya tsani sunan nan kamar ciwon haƙori, kuma ni dai ban ga laifinsa ba, don mutumin ya iya aikinsa.

Sana'arsa gyaran tsohon daɓe. Tsakar gidan da rana ta gasa, ruwan damina ya zaizaye, siminti ya dare har ciyawa tana leƙowa ta tsagar, irin wannan ake kira masa Sulle. Yakan iso a babur da guduma da cokalin gini da kwanon sarki ɗaure a baya. Ya bi daɓen yana ƙwanƙwasawa, kansa a karkace, duk inda ya ji amo kamar na ganga ya fasa wurin ya kwashe. Ya jiƙa ƙasan, ya zuba ruwan siminti don sabo ya kama tsoho, ya shimfiɗa kwaɓi, ya ba shi gangare zuwa rariya. Sai shafen ƙarshe, wanda a kansa Sulle yake mance yunwa. Yana durƙushe a kan katako yana guga, yana yi wa daɓen magana ƙasa-ƙasa, har sai ya ga sheƙi.

Abin da ya hana shi jin daɗin duniya kaji ne. Daɓensa na farko, a gidan wani manomin gyaɗa a Kafin Dafga, bai ko wanke cokali ba zakara ya biyo kaza a guje, suka yi zagaye uku a kai suka fice. A Tudun Kaya agwagwa ce ta ratsa da 'ya'yanta a jere, ba gaggawa, kamar masu zuwa biki. An taɓa kiransa wani gida da mura ta kashe kajinsu kakaf, ya tafi yana fara'a, sai zabuwar maƙwabta ta diro daga katanga. Shekara da shekaru, babu daɓen Sulle ɗaya da ya bushe ba sawu.

Wanda ya raɗa masa sunan Liti ne, ɗan kawunsa, shi ma magini a Karaye. Da yake taubasai ne, babu damar fushi. Duk inda suka haɗu sai Liti ya durƙusa da ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, ya kajin? Sun sa hannu a aikin jiya?"

Sulle ya girma ne a hannun Goggo Saude, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta ɗauke shi tun da uwarsa ta rasu yana yaye. Mace ce 'yar firit, mai tsabtar da har tsoro take ba mutane. Daɓen gidanta ya tsufa ya farfashe, amma duk sanda ya ce zai gyara sai ta ce ramukan nan ta san su, su ma sun san ta. Sai ranar da ɗaya daga cikinsu ya ci amanarta, ta yi tuntuɓe da ƙwaryar koko a hannu, sannan ta ce ya zo ya yi abin da zai yi.

Daɗi ya kama Sulle. A gidan mutane ba ka da iko da kajinsu, amma wannan gidansu ne. Ya hau babur har Karaye, ya sami Liti a wurin mai shayi, ya ce a gaban jama'a ya zo Jajaye ranar Asabar bayan la'asar ya ga daɓe sumul, wanda ko ƙuda bai taɓa ba. Liti ya ce in har ya ga haka da idonsa, ya binne sunan nan, kuma duk wanda ya ƙara faɗarsa shi da shi ne. Mai shayi ya zama shaida.

Shirin da Sulle ya yi, ko yaƙi za a je sai haka. Ya kife kajin Goggo a kwando ya kai su unguwar gaba. Ya ja awaki zuwa gona ya turke. Ya bi maƙwabta gida-gida yana gaisuwa yana roƙon a tsare zabi. Ya toshe rariya da dutse saboda agwagi, ya tare zaure da tsohon ƙyaure. Kyanwar gidan ma sai da ya rufe ta a ɗakin girki, tana zaginsa da harshenta. Goggo kuwa ya shigar mata da buta da abinci da rediyonta, ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Goggo, don Allah, yau kada ƙafa ta taka tsakar gidan nan."

"Na ji, ɗan nan. Sai ka ce yau aka haife ni."

Aiki ya yi kyau ranar. Kwaɓi ya bi hannu, gangare ya tafi daidai, shafe ya fito har yana hango inuwar kansa a ciki. Ya ja da baya ya fita ta zaure yana dariya shi kaɗai, ya tafi masallaci yana tafiya kamar sabon ango. Ana idar da la'asar sai ga Liti da wasu magina biyu a kan babur. Liti ya ce ba ya shiga Jajaye bai gaida mai unguwa da surukansa ba, kuma kowa ya san gaisuwar surukan Liti, sai an tambayi lafiyar kowa har jaki. Sulle ya ce su same shi a gida.

Duk lissafinsa ya tsaya a kan masu ƙafa. Bishiyar darbejiyar da ke bayan katanga ba ta zo masa a rai ba.

Ya janye ƙyaure ya leƙa, sai ya tsaya cak. Babu sawun kaza, babu na akuya. Amma daga bakin zaure har ƙofar ɗakin Goggo, daɓen nan ya sha shara. Zanen tsintsiya ne layi bayan layi, kowanne ya lanƙwasa kamar rabin faifai, a jere ba wanda ya hau wani. Goggo tana tsaye a ƙofarta, tsintsiya a hannun dama, na hagu dafe da ƙugu, ga tarin ganye a cikin tsohon kwano.

"Iska ce ta taso bayan fitarka," in ji ta. "Na ce baƙi daga Karaye su tarar da gidana da ganye? Ban taɓa yin wannan abin kunya ba. Amma ka duba, da baya-da-baya na dawo, duk inda na taka na share. Ko sawu ɗaya ban bar maka ba."

Ta faɗi haka ne da alfahari, tana jiran yabo.

Sulle ya ji kamar ya zauna ya yi kuka. Ya danna daɓen da babban yatsa, ya ji da sauran taushi. In ya yayyafa ruwa ya dage, zai iya shafe shi kafin surukan Liti su kai kan jaki. Ya jawo katako ya durƙusa, ya ɗora cokali, ya goge wuri kamar faɗin faifai. Sheƙi ya dawo nan da nan.

"Ban yi daidai ba ne?" in ji Goggo. Muryarta ta yi ƙasa.

Daga inda yake durƙushe, idonsa kusa da ƙasa, ya ga layukan da kyau, kuma ya gane su. Su ne abin da yake fara gani kowace safiya yana ƙarami, tun tsakar gidan nan tana turɓaya, in ya fito yana mutsuka ido ya tarar ta riga ta share, koko yana kan wuta. A lokacin kafin hantsi sun goge. Ya ɗaga kai ya dube ta. Sai yanzu ya lura yadda ta ranƙwafa. Tausayi da ƙauna suka cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa kansa.

Ya ajiye cokalin.

"Kin yi daidai, Goggo. Wuri ɗaya kawai kika bari." Ya nuna inda ya goge.

Ya shimfiɗa mata katako, ya riƙe hannunta ta tako. Ta harari wurin, ta buga gindin tsintsiya a tafin hannu, ta ja sau biyu, layi ya haɗu da 'yan'uwansa. Tana mita wai idonta ne ya fara cin amanarta.

A haka Liti ya yi sallama. Ya gaida Goggo da ladabi daga bakin zaure, ya dubi daɓen, ya dubi Sulle, sai dariya ta kayar da shi a jikin bango. Da ya samu numfashi ya ce alkawari alkawari ne, babu sawun kaza, don haka tsohon suna ya mutu. Daga yau sai Sulle Tsintsiya.

Sunan ya riga Sulle isa Karaye, kuma ya kama fiye da na farko. Ba ya ɓata rai a kansa, ana kira yake amsawa. Har yanzu kaji suna bin aikinsa a gidajen mutane, yana bin su da jifa. Daɓen Goggo kuwa ya bushe da zanensa, ya sha damina da yawa bai goge ba. Goggo ta daina iya shara yanzu, Sulle ne yake zuwa da sassafe ya yi mata, yana bin layukanta ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana zaune a ƙofa tana gaya masa inda ya bari.