Akumarin da Aka Ɗinka wa Jakata

A shekarun da nake jigilar bulo a bayan jaka tsakanin Safo da Madarunfa, akwai wani tsoho da ke zama gindin gawo a bakin kasuwa. Ba ya sayar da komai. Aikinsa shi ne tare masu jakuna, ya ɗaga akumari ya duba bayan dabba. In ya ga miki sai ya wanke da ruwan gishiri, ya barbaɗa garin bagaruwa, ya bi mai jakin da faɗa. Kafin shi ba mu taɓa ganin mai irin wannan aiki ba. Likitan jakuna muke ce masa don tsiya, kuma ni na fi kowa baki.

Mu maganinmu ɗaya ne: baƙin man da aka juye daga injin mota. A tsiyaya a kan mikin, ƙuda ya gudu, a mayar da akumari a ci gaba da aiki. Haka na ga manya suna yi.

Wata rana ya tare jakata, ya ga miki kamar tafin hannu, ya yi baƙi ƙirin da mai. Ya ce man nan rufe ciwon yake yi, ƙasa kuwa nama na ruɓewa. Ya ce in hutar da ita sati biyu, shi kuma zai ɗinka mata akumari mai rami a tsakiya don kada kaya su taɓa wurin, in zo kasuwa mai zuwa in karɓa. Na ce to, Baba. A raina kuwa na ce damina ta kusa, kowa na son bulonsa, wa zai zauna jinyar jaka?

Sai na sake hanya. Kullum in zagaya ta bakin tabki don kada mu haɗu, in ƙara mata mai da safe. Tana wari, ina jin warin, ina yi kamar ban ji ba.

Ranar da ta faɗi, da tsakar rana ne, da bulo a kanta. Na doke ta, Allah ya yafe mini, na doke ta sosai. Da na kwance akumarin sai ya taso da fata, tsutsa na motsi a ƙasa.

Ban san wanda ya gaya wa tsohon ba. Ya zo da buta, ya zauna a rairayi ya yi mata inuwa da rigarsa, yana jiƙa mata baki har ta daina numfashi. Na so ya zage ni, bai yi ba. Ya buɗe jakarsa ya miƙo mini sabon akumari na tsummoki, da raminsa a tsakiya daidai girman mikin.

"Kasuwa ukku ina jiran ka, ɗana," ya ce.

Ban iya ɗago kai ba. Shi ya taya ni haƙa ramin da muka rufe ta.