Wasan Kwaikwayon da Ya Hana Ni Kiredit

Ina da shekara talatin da shida na koma zama a benci ɗaya da yara 'yan sha shida, kuma duk a kan kiredit ɗaya tak. Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a sashen shari'a na wata ma'aikatar tarayya, ina buga takardu, ina jera fayil, ina gyara wa lauyoyi Turancin da suka rubuta a gaggauce. Wata rana ogata, wata 'yar Katsina da ba ta iya ɓoye magana, ta tambaye ni abin da ya hana ni karanta lauya, tunda rabin aikin ofishin ni nake yi. Maganar ta zauna mini. Na kwashi takarduna na tafi jami'a a Gwagwalada, wani ma'aikaci ya duba ya ce komai ya yi, sai dai babu adabin Turanci. Ajin kasuwanci na yi a sakandare, ban taɓa zama darasin adabi ba ko sau ɗaya.

Haka na yi rajistar jarrabawar sakandare ta waɗanda ba sa makaranta, na shiga wani lesin a Gudu, a saman bene, daf da kasuwa. A ƙasanmu akwai mai walda, gefensa mai niƙa. Ranakun Talata da Alhamis nakan taso daga ofis ƙarfe huɗu, in sha cunkoso, in iso an riga an fara, in lallaɓa bencin baya da jakar ofis da takalmi mai tsini. Yaran suna ce mini Momi. Malamin kuwa Hajiya yake ce mini, duk da na gaya masa ban je Makka ba tukuna.

Mutumin Filato ne, dogo, siriri, ya ba hamsin baya. Ya yi shekaru yana koyarwa a makarantar gwamnati kafin ya yi ritaya. Hausarsa irin ta Abuja ce, mace da namiji duk “ka” yake ce musu, kuma idan ya ga Turanci ya ƙi shiga kanmu sai ya juye zuwa ita. A cikin littattafan da aka sa mana akwai wani tsohon wasan kwaikwayo na Turawa, labarin yaro da yarinya daga gidaje biyu masu gaba da juna. Suka haɗu a wurin wata walima, suka ɗaura aure a ɓoye, aka yi kisa a tsakani, wani saƙo bai isa inda aka aike shi ba, a ƙarshe su biyun suka mutu. Duka cikin 'yan kwanaki.

Tun shafin farko na tsani littafin. Ni da ake kawo wa takarda in gyara, sai ga ni ina karanta layi sau huɗu ban san wa ke zagin wa ba. Turancin ya tsufa har ya zama wani yare daban. Nakan buɗe shi a ofis lokacin hutun azahar, ƙamus a gefe, in yi rabin awa a kan rabin shafi. Idan na gama wahala na gano ma'anar, sai in tarar yaron cewa kawai yake yi yarinyar tana da kyau. Layi ashirin a kan wannan. Maigidana yakan leƙo ranar Asabar ya ga na haɗe rai a kan tebur, ya tambaya ko har yanzu ba su mutu ba. Nakan ce masa da sun mutu tun a fitowa ta farko da na huta.

Sai kuma adon harshe. Malam ya cika allo da su: kamance, siffantawa, mutuntarwa, kambamawa, da wani salo na haɗa kalmomi biyu masu karo da juna a wuri ɗaya, da wani kuma inda mai kallo ya san abin da ɗan wasa bai sani ba. Haddace su bai ba ni wuya ba, ai na haddace lambobin fayil sun fi ɗari. Matsalar ita ce ba sunan yake so ba. Idan na rubuta cewa nan kamance ne, sai ya ja jan biro a ƙasa ya rubuta tambaya: to, sai me ya yi? Ni kuwa a ganina na gama aiki. An ce nemo, na nemo.

Aikin gida na farko da ya ba mu shi ne mu tattauna abin da ya jawo mutuwar yaran. Na zauna na rubuta shafi uku masu tsabta, da sakin layi mai lamba kamar takardar ofis. Na ce rashin tarbiyya ne da gaggawa. Na ce yarinyar da ba ta kai sha biyar ba ba ta da hurumin yanke wa kanta irin wannan hukunci, kuma malamin addinin da ya ɗaura musu aure a ɓoye ya cancanci a tuhume shi. Na kawo shawarwari guda huɗu a ƙarshe. Ya ba ni shida cikin ashirin. Wata yarinya da ke tauna cingam a gabana, wadda rubutunta ko layi ba ya bi, ta samu sha huɗu.

Da aka tashi na tsaya. Na ce masa ina son a nuna mini inda na yi kuskure, domin duk abin da na rubuta gaskiya ne.

“Hajiya, ka rubuta hukunci,” in ji shi. “Ni ban ce ka zama alƙali ba. Ka nuna mini yadda mutumin ya sa ka ji haushi. Da wane kalma ya yi?”

Na ce ba wata kalma, halin yaran ne ya ba ni haushi. Ya yi dariya ya ce yaran ba su da wani hali sai wanda aka rubuta musu, tawada ce a kan takarda. Na sauko daga benen raina a ɓace, har na wuce inda nake shiga mota ban sani ba.

Akwai abin da ban gaya masa ba, kuma ban gaya wa kowa a ajin ba. Ina 'yar sha bakwai muna zaune a Gwagwalada, mahaifina yana tuƙa motar wani ofishi. Maƙwabtanmu Kiristoci ne daga kudancin Kaduna, katanga ɗaya ta raba mu, muna aika musu tuwon sallah suna aiko mana da shinkafar Kirsimeti. Suna da ɗa sa'ana. Wata shida muka yi muna musayar wasiƙa a cikin littafin lissafi da muke ara wa juna. Ba abin da ya wuce wasiƙa. Yayata ce ta gani. Ba ta kai ƙara wurin kowa ba, ta ja ni ƙuryar gida ta yi mini magana ta minti goma, ta lissafa mini abin da zai faru da mahaifiyarmu, da ƙannena, da zaman gidajen biyu. Washegari na mayar masa da littafinsa babu komai a ciki. Na yi kuka na mako biyu, na ci jarrabawata, na yi aure bayan shekara shida, kuma ina zaune lafiya da mijina. Ba wanda ya mutu. Don haka duk lokacin da Malam ya tsaya gaban allo yana yaba zurfin son waɗannan yara, sai in ji kamar ana ce mini nawa bai kai ba, tunda ni na ji magana na rayu.

Wata Alhamis ya ce za mu karanta wata fitowa a bayyane, kowa da nasa. Wurin da uban yarinyar ya fusata ne yana yi mata faɗa, yana barazanar korar ta daga gidansa. Yaran maza duk suka ƙi ɗaukar uban, wanda ya gwada kuma dariya ta hana shi. Malam ya miƙo mini littafi ya ce Hajiya ta taimaka. Na ce ni ban zo wasa ba. Ya ce layi kaɗan ne.

Na tashi na fara karantawa a daƙile. Ban san inda abin ya juya ba. Kalmomin da na saba tuntuɓe a kansu sai suka riƙa fita da kansu, gajeru, suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya, tambaya a kan tambaya ba a jiran amsa. Muryar da na ji tana fita daga bakina ta yayata ce a ƙuryar gida. Yarinyar nan mai cingam ita ke karanta 'yar, da na ɗago sai na ga ta daina tauna, ta ja da baya har ta jingina da allo. Ƙarar injin niƙa tana tasowa daga ƙasa.

“To, ka gani?” in ji Malam a hankali. “Me ya sa layin uban gajere ne, na yaran dogo? Wannan shi ne tambayan da nake yi maka tun wata biyu.”

Na gane abin da yake nufi, kuma na ji haushin ganewar. Na koma bencina na zauna.

Daga ranar rubutuna ya ɗan canza. Na fara lura cewa yaran ba sa ambaton juna sai da haske, fitila ko tauraro ko rana, alhali duk haɗuwarsu a ɓoye take. Na lura marubucin yana sa su faɗi maganar kabari tun suna cikin murna. Makina ya tashi daga shida zuwa tara, wata rana sha ɗaya. Amma ban daina gardama ba. Kowace amsa na rubuta sai na saƙa ra'ayina a ƙarshe, shi kuma sai ya soke shi da jan biro. Ya ce mai duba jarrabawa ba ruwansa da tarbiyyar yaran Turawa. Na ce to bai kamata a ba yara 'yan sha shida labarin da ke ƙawata kashe kai ba tare da an ce musu kuskure ne ba. Ya ce littafin da kansa ya faɗa, in na iya karatu. Na ce bai faɗa da ƙarfi ba. Mun yi wannan musu ya fi sau biyar, yaran suna kallonmu suna jin daɗi don lokacin darasi yana tafiya.

Cibiyar jarrabawata a Bwari aka jefa ni. Na bar gida da sassafe, na isa da ciwon kai. Tambaya biyu aka kawo a kan wasan, a zaɓi ɗaya. Ta farko a kan yadda marubucin ya yi amfani da haske da duhu. Ta biyu a kan rawar da manya suka taka wajen mutuwar yaran. Na san ta farko ita ce Malam ya shirya ni a kanta, ina da misalai biyar a kaina. Na ɗora biro a kanta, sai idona ya koma kan ta biyu. Na ce a raina yau dai zan faɗi abin da ke cikina ba mai soke mini. Na rubuta shafi huɗu. Na kare iyayen, na kare mai renon yarinyar, na ce manya ma suna da abin da suke tsoron rasawa kuma ba wanda ya ba su layi ashirin su bayyana shi. Da na ɗago kai saura minti goma sha biyar, ga tambayar sashen waƙa, wadda ita ma dole ce, ban taɓa ba.

Sakamako ya fito, na samu fas, ba kiredit. A waya na duba shi a ofis, na kife wayar na ci gaba da buga wata takarda, na yi kuskure uku a layi ɗaya. Ogata ta ce in sake, shekara ɗaya ba komai ba ce. Maigidana bai yi tsokana ba ranar, ya dai sayo mini tsire.

Na koma Gudu na gaya wa Malam. Ya tambayi wadda na zaɓa, na faɗa masa. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce ya sani tun kafin in faɗa. Na ce masa ba komai, bana na san littafin ciki da waje, ko a barci aka tashe ni zan amsa. Sai ya jawo wata takarda daga aljihun tebur ya miƙo mini. Jerin littattafan sabuwar shekara ne. An canza manhaja, an cire wasan gaba ɗaya, an sa wani.

Na tsaya riƙe da takardar. Wata takwas na cunkoso da ƙamus da jan biro, kuma ba wanda zai sake tambaya ta komai a kai.

Sabon wasan a kan wani sarki ne da 'yan majalisarsa, babu soyayya a ciki ko kaɗan. Ban ji komai game da kowa a cikinsa ba, na amsa abin da aka tambaye ni, na samu kiredit ɗina. Yanzu ina aji uku a karatun lauya, Juma'a da Asabar a Gwagwalada, kuma dokar filaye ce ke ba ni wahala.