Ƙaguwar da Na Kawo Tudun Wada

A da, wanda ya yi tafiya shi ke da magana. Idan na dawo Tudun Wada daga aikin jirgin ruwa, abin da na faɗa a gindin dalbejiya shi ne gaskiya. Yanzu kowa alƙali ne.

Shekara da shekaru ina ba da labarin wata 'yar ƙaguwa ta duwatsun bakin teku. Na gan ta a Dakar, na gan ta a Takoradi, na tambayi masunta da harsuna uku, duk sun ce hannu ba ya cim mata saboda gudunta. Maƙwabcina, wani dattijo ɗan Binuwai da ya yi ritaya daga masaƙa, shi ya fara musu.

"Haba Alhaji! Tun ina yaro nake cin ƙaguwa. Tafiyarta kamar layin fansho."

Na nuna masa bidiyo a waya, ya ce an ƙara wa hoton gudu. Aka yi ta dariya, har wani ya tambaya ko sauran labaran nawa ma haka suke.

Da tsufana na koma Takoradi. Masunta suka kama mini ɗaya da raga, na sa ta a kular abinci tare da dutsenta da ruwan teku. Kwana uku tana kan cinyata a mota.

Ranar gwaji layinmu ya cika. Na ajiye dutsen a ƙofar gida, ta hau, ta zauna. Na tafa, na yi tari, ko motsi.

"Alhaji, ko sai an biya ta alawus?" in ji maƙwabcin.

Sai na tuna igiyar ruwa ce ke tashinta. Na ce a kawo teku. Mai ruwa ya cika bokiti, ya ja da baya, ya sheƙa wa dutsen. Da ruwan ya tsiyaye, babu ƙaguwa.

"Kun gani ko?" na ce.

"Me muka gani?" in ji maƙwabcin.

"Gudun mana, Baba!"

Ya waiwayi jama'a. "Wa ya ga gudu?"

Babu wanda ya gani, har ni. Ya ce ruwa ne ya tafi da ita. Muka bi kwata da sanduna har la'asar, muka samo silifa ɗaya da kwaɗi biyu.

Dutsen yana nan, da shi muke tokare ƙofa. Tun daga ranar, a gindin dalbejiya maƙwabcina ke ba da labari, ni ina saurare.