Masta Ƙasimu da Kwaɗon Ɗakin Imurana

A unguwar Maamobi, daga bakin babbar kwata har zuwa Kawukudi, in ka ce Ƙasimu za a tambaye ka wanne. Amma in ka ce Masta Ƙasimu mai famfo, ko mai tuyar ƙosai za ta nuna maka lungun gidansu da matsami a hannu. Shekararsa talatin da huɗu yana wannan aiki. A unguwar Adabraka ya koya, wurin wani dattijo ɗan ƙabilar Ga mai zafin rai, wanda in ya kama ka ka ɗaure fasasshen bututu da robar taya, sai ya sa ka kwance ta a gaban mai gida. Ƙasimu ya gaji ƙwarewar, zafin ran ma bai bar shi a can ba.

Kunnensa ne ya yi masa suna. Zai kafa tsinin sukudireba a bango, ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya ɗaga hannu kowa ya yi tsit. Can sai ya ce a fasa nan, kuma in an fasa nan ɗin ne. Illarsa guda, ba ya barin gida sai ya yi wa'azi. Kada a zuba ragowar tuwon banku da man miya a ramin wanke-wanke. A riƙa rufe duk famfunan gida a je a dubi mita, in tana juyawa to ruwa na gudu a ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya fi ci masa rai kuwa shi ne barin famfo a buɗe. Ruwa a unguwar sai ya ga dama yake zuwa, sau biyu a mako in an yi sa'a, don haka mutane kan murɗe famfo su ajiye bokiti a ƙasa, in ya fara tari su ji su fito da galan. Ƙasimu ya sha rantsuwa cewa wannan ɗabi'a ta kashe bango fiye da ruwan sama. Matan unguwa sukan ce to, Masta, sun ji, da ya juya baya su sake murɗewa.

Gidansu gidan gado ne. Mahaifinsu, marigayi Malam Abukari, da fataucin goro ya zo daga Salaga, ya gina ɗaki goma sha ɗaya da jar ƙasa, daga baya aka shafe su da siminti har suka yi kama da ginin bulo. Da ya rasu ba a raba ba, kowa dai ya riƙe ɗakin da yake ciki. Mahaifiyarsu Mma Lamisi ta haura tamanin, idonta ya tafi, tana nan a ɗakin da aka kawo ta tana amarya. Bango ɗaya ne tsakaninta da ɗakin autanta Imurana, wanda ya shekara goma sha biyar a Jamus.

Bara Imurana ya zo hutun wata guda, ya ce shi ba zai bi layin banɗaki da bokiti ba, sai an yi masa nasa a cikin ɗaki. Ga yayansa mai famfo a tsakar gida, amma ina, sai ya ɗauko wani daga can unguwannin masu kuɗi, mai fararen takalma. Mutumin ya fasa daɓe, ya jona daga babban bututun gidan da ya bi ta ƙarƙashin ɗakin, ya rufe da tayil mai ƙyalli. Ƙasimu bai ko leƙa ba, ya haɗiye abin da ƙyar. Wata na cika Imurana ya danna wa ƙofa ƙaton kwaɗo ya hau jirgi.

Ba a yi wata uku ba Ƙasimu ya shiga gaishe da Mma ya ga fentin bangon da ke kan gadonta ya kumbura, wani farin gishiri ya feso daga ƙasa. Ya san ruwa ba ya tsami banza. Ya jira ranar da famfo ya zo, ya kafa sukudirebarsa. Abin da ya ji ba ɗiga ba ne, zuba ce sosai, daga bayan bangon. Kuma ya san abin da ke ƙarƙashin simintin nan ƙasa ce zalla. In ta sha ruwa ta ƙoshi, a kan tsohuwar za ta kwanta.

Ya tafi wurin babbar yayarsu Hajiya Ayisha, wadda maganarta ce doka a gidan tun rasuwar Malam. Ya ce a ba shi izini ya cire kwaɗon, aikin rabin yini ne. Hajiya ta dube shi kamar ya ce a tone kabari. Ta ce a gidan gado ba a taɓa kwaɗon ɗan'uwa, duk wanda ya fasa, kafin la'asar Zongo kaf ta ɗauka ɗakin yake hari. Ta ce balle shi da kowa ya san an ƙi ba shi aikin, cewa za a yi haushi ne. A kira Imurana.

Aka kira Imurana. Ya yi dariya a waya.

"Yaya, kayan Jamus fa na sa, ba sa yoyo. Ka bari ina nan tafe da babbar Sallah."

Babbar Sallah ta zo, aka ci nama aka suɗe hannu, babu Imurana babu dalilinsa. Ƙasimu ya kawo wata dabara, ya ce to a bar kwaɗon, zai yanke tsohon bututun tun daga lungu ya jawo sabo ta zaure a saman ƙasa. Hajiya ta ce yanke ruwan ɗakin Imurana daidai yake da cewa an cire shi daga gidan ubansa. Ran maza ya ɓaci, ya je ya rufe ruwan gidan gaba ɗaya daga wajen mita. Yini ɗaya abin ya yi. Mata goma sha huɗu da galan rawaya suka tsaya masa a ƙofa, da Hausa da yaren Twi da na Ga duk ya sha zagi, dole ya buɗe. Ya kai kuka wurin limamin lungunsu, liman ya ce zumunci ya fi bango, a yi haƙuri.

Sai kuma dokar da ta fi duka ciwo: kada Mma ta ji. Hajiya ta ce tsohuwa na da hawan jini, kuma ba ta haɗa autanta da kowa, in aka ce ɗakinsa ne ke ɓarna ranta zai ɓaci. Aka rataya labule a kan bangon. In Mma ta ce tana jin sanyi a ƙashinta, ko ta ce ɗakin na warin rima, sai a ce damina ce, Mma. Damina ta wuce, rani ya shigo, ana nan ana ce mata damina ce. Ƙasimu ma da bakinsa ya faɗa, ya fi sau goma. Ya so ya janye gadon daga bangon, ta ce a nan Malam ya ajiye shi, a nan zai zauna.

Kai jama'a, mutumin da babu banɗakin da bai shiga ba a Maamobi da maƙwabciyarta Nima, har na matan kulle ana ɗaga masa labule, ga shi ɗaki ɗaya a gidan ubansa ya gagare shi wata takwas. Ya rame. Ya daina wa'azi a gidajen mutane, in ya gama aiki sai ya tattara kayansa ya fita ba ko sai an jima.

Wata Lahadi gidan ya watse, an tafi biki unguwar Madina can bayan gari, aka bar shi da Mma. Bayan azahar famfon tsakar gida ya fara tari. Ya shiga ɗakinta, ya sa hannu bayan labule ya danna bangon, babban yatsansa ya nutse kamar a tuwo. Wani ɓangaren siminti ya ɓalle ya faɗo dab da matashinta. Ya sungume ta ya kai ƙarƙashin rumfar kwano ya zaunar, ya koma ya ɗauko guduma. Bugu uku kwaɗon ya faɗi.

Wari ne ya fara tarbarsa. Akwatunan Imurana sun yi kore da funfuna, ƙafafun gado sun ruɓe. A banɗaki kuwa babu bututun da ya fashe, kayan Jamus lafiyarsu lau. Famfo ne a buɗe har ƙarshe, da bokiti a ƙasa yana ambaliya. Ranar da Imurana zai tafi babu ruwa, ya murɗe yana jira kamar kowane ɗan unguwa, ya manta. Shi kuma mai fararen takalma bai haɗa magudanar da kwata ba, rami kawai ya haƙa a gindin bangon ya cika da duwatsu. Ƙasimu ya sa yatsa biyu ya rufe famfon, iyakar aikin ke nan. Ya juya ya dubi bangon daga wannan ɓarin, ya ga tsaga tun daga ƙasa har rufi, wadda hannu zai shige. Babu maganar gyara, sai rushewa.

Da la'asar sakaliya 'yan biki suka dawo. Kafin Hajiya ta ga bango, kwaɗon ta fara gani a ƙasa, ta dafe ƙirji ta fara salati, tana cewa Ƙasimu ya ja musu abin faɗa. Mma da ke zaune a rumfa ta ce wai me ake yi ne, wa ya fasa me. Ƙasimu ya durƙusa a gabanta ya gaya mata duka, tun daga fentin har zuwa labulen.

Mma ta saurare shi har ƙarshe. Sannan ta sa hannu a ƙugunta, ta laluba 'yar jakar da take ɗaurewa ƙarƙashin zane, ta ciro makulli guda ta ɗora masa a tafin hannu.

"Ranar da zai tafi ya ba ni, ya ce ko wani abu zai taso," in ji ta. "Wata takwas kuna ce min damina ce. Ido ne ba ni da shi, Ƙasimu, ban mutu ba. Ko kai ba ka iya tambayata ba?"

Ƙasimu ya dubi makullin, ya dubi kwaɗon da ke ƙasa.

Washegari ƙanwarsu Fulera ta zo da mota daga Madina za ta tafi da Mma can, don magini ya ce aikin sai daga tushe, kuma sai duk magada sun yarda, har da na Jamus. Ana shirin sa ta a mota ta ce a kai ta ta dafa ƙofar ɗakinta tukuna. Ƙasimu ya riƙe hannunta ya kai ta har wurin. Amma tun da safe ma'aikata sun cire ƙofar da katakonta don kada bangon ya danne su, sai hannun tsohuwar ya yi ta lalube bai taɓa komai ba.