Ɗankwalin da Gwaggo Hajara Ba Ta Ƙarasa Ba

Ranar wata Talata a ƙarshen bazara, muna cikin aji muna lissafi, Madam ta leƙo ta ce in fito. A ƙofar lakwal, wato makarantarmu, na tarar da Baba Ƙarami, ƙanen mahaifina, tsaye kusa da kamiyo, babbar motar kayan da ta kawo shi Damagaram daga Matameye. Mutum ne mai barkwanci, kullum ya gan ni sai ya ce in gaishe shi da Faransanci. Ran nan bai ce ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon ƙasa, sannan ya ce, “Sai haƙuri. Gwaggonki Hajara ta riga mu gidan gaskiya shekaranjiya. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. An riga an yi mata sutura.” Inna lillahi wa inna ilaihi raji’un. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Ni ba mai yawan magana ba ce. A zaman makoki mata sun faɗi alherinta iri-iri, ni kuwa na kasa buɗe baki. Shi ya sa na rubuta wannan, don waɗanda suka san ta su tuna, waɗanda ba su san ta ba kuma su sa ta a addu’a. Kuma akwai wani nauyi da ta bar mini: ta rasu ba ta ƙarasa ɗankwalin silikin da take zana wa ɗiyarta Saratu na aure ba, kuma duk Matameye ni kaɗai ta koya wa aikin.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ba ta kiran sunana, domin sunan mahaifiyarsu aka sa mini, sai dai ta ce “Uwata”. A gari kuwa Mai Siliki ake ce mata. Tana amarya ta bi mijinta, Malam Sule tela, cin rani Kano, suka yi shekaru a can. Wata tsohuwar Balarabiya maƙwabciyarsu ce ta nuna mata yadda ake zane a kan farin siliki, ita kuma ta haɗa da zanen ƙwarya da ta gada wajen mahaifiyarta. Za ta ɗaure silikin a bakin masaki har ya yi tsam kamar fatar ganga. Ta dama ƙaro da kauri, ta ja zanen da tsinke, ta bari ya bushe. Sannan ta naɗe auduga a wani tsinken, ta riƙa cika kowane gida da galura, ja ko shuɗi ko rawaya. Ƙaron nan shi ke hana launi ƙetarawa gidan ɗan’uwansa. “Galura ba ta da kunya,” in ji ta, “in ba ki yi mata danga ba sai ta shiga gidan maƙwabta.” In an gama sai a turara shi a madambaci don launin ya kama, a ƙarshe a wanke. Ƙaron ya bi ruwa, inda ya zauna ya fito fari tas. Daga Dungu da Dawce ake aiko mata, amaren da ba ta taɓa gani ba sun ɗaura aikinta.

Amma akwai shekara biyu da ba ta taɓa tsinke ba, kuma a waɗannan shekarun ne na fi sanin ta. Da Malam Sule ya rasu ta shiga takaba, ta ajiye aikin ado kamar yadda ya dace. Ta fita takaba, hannu bai dawo ba. Masakin ya koma na shanya kukar miya. In mata suka zo roƙo sai ta ce, “Ku yi haƙuri, mai aikin ta yi tafiya.” Ba ta kuka a gaban mutane, tana girki, tana zuwa suna da biki, amma in ta ga ɗankwalin da ta zana a kan wata sai ta kau da kai. Daga baya ta gaya mini cewa Malam ne mai fara ganin kowane aiki in ta wanke, ya ɗaga shi a rana ya ce “Madalla”, shi ke nan. Da ba shi, sai ta rasa wa za ta nuna wa.

Lokacin ina shekara takwas, an sa ni lakwal, kuma a ɗakinta nake karyawa. Wata safiya kokona ya yi zafi, ina jira ya huce, sai na tsoma yatsa a ruwan wankin hannu ina rubuta baƙaƙen da aka koya mana a kan daɓe. Ta leƙo ta ce, “Uwata, wannan mai ƙugiyar mene ne? Kamar kunama ta sha kashi.” Ta tsoma nata yatsan, ta ja wa harafin ganye a gefe, ta ƙara masa wani. Kafin in shanye kokon, ƙasa ta shanye zanen. Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta ce, “Ruwa dai ba ya tona asirin kowa.”

Kashegari ta sake. Jibi ma haka. Ganye ɗaya, ko idon zabuwa, ko rabin tauraro, ba ta wuce lokacin hucewar koko. In na ce ta ƙara sai ta ce a’a, na gobe ne. Wata biyu ko fi tana zane da ruwa, ba wanda ya sani sai ni. Daga nan ta koma gawayi a bayan tsohuwar ƙwarya. Sannan ta fito da guntayen siliki da ba su kai tafin hannu ba, ta dama ƙaro a ludayi. Ranar da ta zubar da kukar ta wanke masakin, ba ta ce wa kowa komai ba. Saratu ce ta gani ta yi guɗa, Gwaggo ta jefe ta da mara ta ce, “Rufe mini baki, uwar tsegumi!” Ta taɓa ce mini, “Na zauna shekara biyu ina jiran sha’awa ta zo ta ɗaga mini hannu. Ashe hannu ne ke zuwa ya ɗauko ta.”

Haka ta koya mini ni ma, ba gaggawa. Ban taɓa jin ta yabe ni da baki ba. In na ja layi ya yi kyau sai ta ƙara mini ƙosai ɗaya. In ya karkace sai ta ce, “Wannan hanyar Dawce ce da damina,” ta miƙo mini wani guntun. Ta yi ƙoƙarin koya wa Saratu, amma Saratu ba ta iya zama wuri ɗaya, ita da kanta take cewa nata hannun na taɓarya ne. Da za a kai ni Damagaram karatu, Gwaggo ta ce in ware shafin ƙarshe na kayena, wato littafin rubutuna, kullum da safe in zana abu ɗaya ƙarami. “Kada ki ɗauki abin da ya fi ƙarfin safiya ɗaya,” ta ce. Na yi wata uku ina yi, sannan karatu ya yi yawa na bari. Da na zo hutu ta tambaya, na ce na manta kayen a lakwal. Ta dube ni kawai, ta ce in zauna in sha fura. Har yau wannan ƙaryar tana damuna.

Ranar da na iso gida gaisuwa, bayan mutane sun ragu, Saratu ta ja ni ɗakin Gwaggo. Masakin yana nan a kan gado, an rufe shi da faifai. Gwaggo ta riga ta ja ƙaron gaba ɗaya a kan silikin, reshe da ganyaye da idanun zabuwa sun zagaye gefe, amma gida uku kawai ta cika da ja. A wani wuri har shatin yatsanta ya fito a jikin ƙaron. Na mayar da faifan na rufe. Na san in na cika shi dole a wanke, in aka wanke kuwa ƙaron da ta ja da hannunta zai narke ya tafi. Shi ne abu na ƙarshe da ta taɓa. Na ce wa Saratu a bar shi haka, na koma lakwal.

Da aka ba mu dogon hutu na dawo, damina ta zauna. Na buɗe faifan sai na ga ƙaron ya fara laushi saboda laima, tururuwa kuma sun cinye kusurwa guda, sun bar silikin fili. Saratu tana tsaye a kaina. Ita taubashiyata ce, tun muna yara ba ta raga mini.

Ta ce, “To, ’yar lakwal, kin ga ajiyar taki. Tururuwa sun fi ki zuciya, su sun fara aiki.”

Na ce, “Saratu, in na wanke shi hannunta zai tafi.”

“In ba ki wanke ba ya tafi cikin tururuwa. Wanne kika zaɓa?” Ta zauna a bakin gado, muryarta ta sauka. “Ke kina da shekara takwas na safiya tare da ita. Ni me na iya? Bayan kaka za a kai ni gidan mutane, ba uwa a bayana. Ina so in shiga da abin da ta yi mini a kaina, ko da rabinsa aikin mai hannun kaza ne.”

Kashegari na dama galura na zauna gaban masakin, na ga gidajen nan sun fi ƙarfina, na tashi. Kwana uku ina haka. A na huɗu na daina kallon ɗankwalin duka. Na zaɓi ganye ɗaya a gefe, mafi ƙanƙanta, na cika shi da shuɗi, na rufe na fita. Washegari wani. Don laima, kullum Saratu takan ɗora masakin kusa da murhu bayan an sauke tuwo, ta sa ƙafafun gadon a cikin kaskon ruwa saboda tururuwa. Wata safiyar kuka yakan hana ni gani sosai, sai in cika rabin ganye in bari. Wata safiyar kuma in ɗago kai in tambayi Gwaggo ko rawaya ta dace a nan, sannan in tuna ba ta nan. Ban san ranar da na fara farkawa da ɗokin zuwa ɗakin ba, na dai lura wata rana ganye uku na cika ban ƙirga ba.

Kusurwar da tururuwa suka ci ita na bari ƙarshe, domin a nan ba ƙaronta da zan bi, sai na ja nawa. Na ja. Reshena ya fi nata kauri, kuma ya ɗan karkace inda suka haɗu. Saratu ta leƙo ta ce, “Ko makaho ya shafa ya san inda Inna ta tsaya.” Na ce in goge in sake? Ta riƙe mini hannu ta ce, “Ki taɓa shi ki gani.”

Mun turara shi ranar wata Alhamis, gero ya fara fitar da kai. Da ya huce muka kai shi bakin rijiyar gida, muka zuba ruwa a ƙwarya. Na kasa sa shi a ruwa, Saratu ma ta kasa, sai muka riƙe gefe-gefe muka tsoma tare. Na ji ƙaron yana santsi a yatsuna, yana saki, ruwan ƙwaryar ya yi kauri. Ban yi tsammanin zai tafi da sauri haka ba. Da muka ɗaga shi a rana, duk inda tsinkenta ya bi ya fito fari, siriri, ba rawa ko kaɗan, ya fi yadda yake a ƙarƙashin ƙaron fitowa. Mahaifina yana alwala a gefe. Ya taso ya daɗe yana dubawa, ya bi wani reshe da yatsa ba tare da ya taɓa ba, ya ce, “Wannan hannun Yaya ne.” Ya juya ya shige zaure, bai ƙarasa alwalar ba.

Ruwan ƙwaryar ba mu zubar a kwata ba. Saratu ta kai shi gindin lallen da Gwaggo ta shuka a bayan ɗaki.

Sauran kwana kaɗan in koma Damagaram, kuma ba lalle a bar ni in zo bikin ba. Ina kewar Gwaggo. Ina kewar yadda take cije leɓe in tana jan layi mai tsawo, da yadda take ce mini “Uwata, matso da haske” alhali ni ce na tare mata ƙofa. Akwai abubuwa da yawa da ban tambaye ta ba, domin na ɗauka akwai lokaci.

Ya Allah, ga baiwarka Hajara ta zo gare ka. Ka jiƙanta, ka gafarta mata, ka yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata mata makwanci, ka haskaka shi, ka sa ta amsa tambaya da sauƙi. Ka sada ta da mijinta Malam Sule da iyayenta a Aljanna Firdausi. Ka ba mahaifina da Baba Ƙarami haƙurin rashin yayarsu. Saratu kuma, ka zame mata uwa da uba a gidan da za ta, ka sa ta tarar da masu tausayi, ka ba ta zuri’a mai yi wa kakarsu addu’a. Mu da muka saura, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.