Kujerar Mutum Biyu a Lilon Bakin Dam

Da za a ba ni dama in goge abu ɗaya daga cikin abubuwan da na aikata, ba zan yi dogon tunani ba. Wata gajeriyar magana ce da na faɗa wa mahaifina a gindin lilon sama, a wurin wasan da aka buɗe kusa da dam ɗin Bakolori. Ƙarya ce, kuma ya karɓe ta. Yau na wuce shekarun da yake da su a wannan rana, amma har yanzu ban daina tuna ta ba.

Ni ne ɗansa na fari. Wanda ya tashi a ƙauyukanmu na ƙasar Maradun ya san abin da wannan yake nufi. Bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ba mu taɓa sa hannu a ƙwarya ɗaya ba. In yana da magana da ni, sai ya faɗa wa mahaifiyata ina tsaye ina ji, ni ma in mayar da amsa ta wurinta. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka tarar ana yi.

Da aka tare ruwa, gonarsa ta fadama tana cikin waɗanda suka nutse, har da maƙabartar da aka binne kakana. Aka mayar da mu sabon matsuguni a kan tudu. Ni kuwa na samu aikin lebura wurin masu gina kanal, wato magudanar da za ta kai ruwan dam gonaki, na sayi wando da agogo, na iya 'yan kalmomin Turanci a kan ɗan abin da na koya a firamare. Masunta sun sha yi wa mahaifina tayin kai shi cikin kwalekwale ya ga inda gonarsa take, ya ƙi. Ya ce ba zai bi ta saman kabarin ubansa yana zaune ba. Daga bakin ruwa kuma ba a hango wurin, akwai wani dogon tudu da ya tare.

A cikin waɗannan shekaru ne wani ɗan kwangila ya share fili a kan wata jigawa kusa da hanyar dam, ya kewaye shi da kwano mai fenti. Tireloli suka riƙa zuwa daga kudu da ƙarafa, ana sauke su ana ɗaurawa. Mu a wurin aiki mun zaci wata masana'anta ce. Sai da aka tayar da wani abu kamar wilin keke, amma ya fi kowace kuka da na sani tsawo, sannan aka ce mana wai duk wannan don wasa ne. Mutane suka sa masa suna lilon sama.

Da ƙaramar Salla aka buɗe. Na je da abokan aikina, muka tarar da motoci daga Bakura da Jangebe sun sauke jama'a, mata da yara da magidanta, kowa da kayan Sallarsa. Abin da ya fara kama ni shi ne kiɗa yana fitowa daga wani akwati a kan sanda, babu makaɗi, ga ƙwayayen lantarki ja da kore suna kunnuwa suna mutuwa da rana tsaka. Daga dama akwai dawakin katako a ƙarƙashin wata rumfa mai juyawa, an yi musu fenti har da linzami, suna tashi suna sauka ba sa taɓa cim ma juna. Wani Bafulatani ya tsaya ya daɗe yana duba haƙoran ɗaya daga cikinsu, ya ce wannan bai kai shekara huɗu ba. Akwai ɗan jirgin ƙasa da yake kewaya filin, ya shige wani rami mai duhu da aka yi da irin kwalbatin da muke binnewa a wurin aiki, yara su shiga da kuka su fito da dariya. Akwai ƙananan motoci da aka yi su musamman don su yi karo da juna. Wannan ya fi ɗaure mini kai, don a sanina duk direban da ya yi karo ya shiga uku, a nan kuwa wanda ya fi bugun 'yan'uwansa shi ake yi wa tafi.

Daga ƙarshe muka hau lilon. Kujerunsa kamar kwanduna suke, kowanne na mutum biyu, an rataye su suna reto. Da ya fara ɗagawa na rufe ido, na damƙe ƙarfen gabana ina salati. Da na buɗe ido sai na ga abin da ban taɓa zaton ɗan Adam zai gani ba in ba cikin jirgin sama yake ba. Shaho yana shawagi a ƙasa da ni, ina kallon bayansa. Kanal ɗin da muka sha wahalar haƙawa ya koma kamar zaren da aka shimfiɗa a kan tabarma. Ga rufin kwanon gidajen Mafara can yana ƙyalli. Ga ruwa kuma, shimfiɗe har inda ido ya gaji. A bayan dogon tudun nan, cikin ruwan, na hango kawunan giginya biyu sun leƙo. Na gane su. Su ne iyakar gonarmu ta gabas.

Da na koma gida na zauna a ƙofar ɗakin mahaifiyata ina ba ta labari da ƙarfi, don na san mahaifina yana bayan zana yana alwala. Na faɗi dawakai da jirgi da motocin karo, butarsa tana ta zuba. Da na zo kan giginyu sai na ji butar ta daina zuba.

Bayan kwana biyu ya ce mata, "Ki hwaɗa ma wanga yaro, ran Talata in an ci kasuwa shi kai ni in ga abin ga nasu."

Ranar ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya yi gaba ina biye da shi da 'yar tazara kamar yadda muka saba. A ƙofa ya tsaya ya gaida mai yagar tikiti gaisuwa cikakkiya, ya tambaye shi gida da iyali da gajiya, mutumin yana ta kallon layin da ya taru a bayanmu.

Ban taɓa ganin mahaifina kamar yadda na gan shi a cikin filin nan ba. Ya tsaya gaban wani madubi da yake mayar da mutum gajere mai tumbi, ya duba, ya ja da baya, ya sake matsowa. Shi da yake dogo siriri kamar karan dawa, sai ga shi ya koma kamar tulu da hula. Ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ya ce wa madubin, "To, kai ka ci amanar gandu, mu muna nan muna rama." Na juya baya don kada ya ga ina dariya tare da shi.

Wani mai sayar da alawa yana juya tsinke a cikin wani kwano mai zafi, sai ga abu fari yana taruwa kamar audugar da aka shiɓe. Mahaifina ya noma auduga tun yana yaro. Ya karɓa ya murza da yatsu yana neman gurya, bai samu ba. Ya sa a baki, ta narke kafin ya tauna. Ya ce, "Allah mai iko. Auduga da zaƙi." Ya naɗe sauran a gefen rigarsa zai kai wa mahaifiyata, ban iya gaya masa ba za ta kai gida ba.

Sai muka iso gindin lilon. Ya ɗaga kai har hularsa ta nemi faɗuwa, yana bin kwandunan da ido suna hawa suna sauka. Mai kula da injin wani mutumin kudu ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Da layi ya zo kanmu ya buɗe ƙyauren kwandon, ya ɗaga yatsu biyu. Dokar wurin ke nan, ba a hawa mutum ɗaya, don kwandon yakan karkace. Mahaifina ya tuɓe takalmansa ya ajiye su a gefe, kamar mai shirin shiga ɗakin wani babba. Ya waiwaya yana neman wani sa'ansa da za su zauna tare. Duk layin samari ne da yara.

Ya dubi ƙasa, ya ce, ba tare da ya fuskance ni ba, "Da za a samu wanda zai zauna wanga gehe."

A rayuwata bai taɓa matsowa kusa da roƙona kamar haka ba. Kujerar kuwa ƙarama ce, duk waɗanda suka zauna sai gwiwa ta gogi gwiwa.

Abokan aikina uku suna jingine da shinge suna shan rake. Ɗayansu, wanda ɗan garinmu ne ya kuma san ko ni wane ne a gidanmu, ya ce yadda zan ji, "Yau muna ganin abu. Ɗan hwari da tsoho kujera guda."

Na biyun ya ce, "Bari dai su kai sama, in tsoro ya kama su sai sun rungumi juna."

Suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na matsa wurin mai injin na yi masa 'yan kalmomin Turancina, na tambaye shi ko tsoho zai iya hawa. Mutumin ya yi murmushi, ya ce sosai ma, in zauna kusa da shi in riƙe masa hannu, zai tafiyar da injin a hankali saboda shi.

Na juyo na ce, "Baba, ya ce ba a hawa da tsofaffi. Wai doka ce."

Mahaifina ya dubi mai injin, wanda har lokacin yake riƙe da ƙyaure yana murmushi. Ya dubi lilon. Sannan ya sunkuya ya mayar da takalmansa.

Ya ce, "To. Su da abinsu sun hi mu sani." Ya ja gefe ya ba na baya hanya. Can ya ƙara da cewa, yana kallon shinge, "Shi wanda an ka yarda ma, sai shi hau shi dubo muna."

Na ce ba zan hau in bi ta saman kansa ba. Ya ce ya yafe.

Na hau da ɗaya daga cikin masu shan raken. La'asar ta yi, rana ta kwanta a kan ruwan, duk ya koma kamar an narkar da tagulla an zuba. Garken shanu yana gangarowa shan ruwa, daga sama kamar farin wake da aka watsa. Tsuntsaye farare sun tashi gaba ɗaya daga wani tsibiri suka juya kamar mayafi. Ko a cikin halin da nake, sai da kyan abin ya ɗauke mini hankali. Da na leƙa ƙasa na ga farar riga ɗaya a gefen taro, ya dafe hula da hannu, fuskarsa tana sama, yana bin kwandona duk inda ya yi.

Da na sauko bai jira mun koma gida an bi ta wurin mahaifiyata ba. Ya tambaye ni kai tsaye, "Suna nan?"

Na ce giginyun suna nan, su biyun.

"Wadda ad dama, ta gindin rijiya, ita ta hi tsawo ko?"

Na ce ban lura ba.

"Daga nan in ka miƙe yamma kaɗan, wurin maƙabarta, ruwan ya yi duhu ko da sauran tudu?"

Ya yi ta tambaya, ina tsamiyar kan hanya, ina inda rafi yake karyawa. Ni kuwa ruwa kawai na gani da kan itace biyu. Da shi ya hau, da gonarsa zai gani, har kowace kunyar shuka, da hanyar da yake bi da jaki, da inda ubansa yake kwance. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ba komi," muka kama hanya, shi a gaba ni a baya.

Na yi ta ce wa kaina zan mayar da shi ranar da babu idon sani. Damina ta shigo, aiki ya yi yawa, na ce sai babbar Salla. Babbar Salla ta zo na ce sai an yi girbi. A cikin haka yanar ido ta fara rufe masa gani, kafin shekara ta zagayo ba ya gane mutum sai ya yi magana. Sai a lokacin na je ƙofar ɗakin mahaifiyata na ce ta gaya masa an sauya doka, yanzu ana hawa da tsofaffi, kuma ni zan zauna kusa da shi.

Daga cikin ɗakinsa ya amsa da kansa. Ya ce, "Allah shi yi ma albarka. Amma mi zan gani?"

Wurin wasan ya yi 'yan shekaru, da aikin dam ya ƙare jama'a suka ragu, aka kwance ƙarafan aka tafi da su. Na je manyan garuruwa daga baya, na ga lilon da ya ninka wancan, ban sake hawa ba.

Kunyar da ke tsakanin uba da ɗan fari ba ita ta hana ni ba, don shi da ya fi ni riƙe ta ya ajiye ta tare da takalmansa a ranar. Dariyar mutum uku masu shan rake na ji wa tsoro. Ku da kuke karanta wannan, in tsohonku ya nemi ku zauna kusa da shi, ko da a kaikaice ya faɗa, ina roƙonku ku zauna a ranar, kada ku duba wanda yake kallo, kada kuma ku ce sai wata Salla.